Birin da Iya Ba Ta Yanke wa Kai Ba

A ɗakin surukata, wadda duk gidan muke kira Iya, akwai wani kwando a ƙarƙashin gado cike da 'yan tsana marasa kai. Duk jikan da aka saya wa abin wasa mai fuska, in dai ya shigo da shi gidanmu na unguwar Zahir a Makka, sai ya bi ta hannunta. Za ta sa almakashi ta cire kan, ta tura audugar da ta leƙo, ta ɗinke wuyan da zare mai kyau, sannan ta miƙa wa mai shi. Ba mugunta ba ce. Ita dai ta taso ta ji cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi, kuma ba ta ga dalilin korar mala'iku saboda zomon auduga ba. Jikokinta sun saba, ko kuka ba sa yi. Na taɓa ganin wata ƙaramarsu ta goya 'yar tsana marar kai tana jijjiga ta, tana ce mata ta yi shiru haka nan.

Abu ɗaya ne ya shigo gidan ya zauna da kansa a wuyansa, kuma har yau yana nan. Biri ne. Sanadin yaron nan na wajena ya tsira.

Mu Hausawan Makka akwai abubuwan da muka riƙe gam, waɗanda na ji an ce ko a can gida an fara sakinsu. Kakanninmu sun ƙullo su a bakin zane ta Chadi da Sudan, suka iso da su ba su kwance ba. Ɗaya daga ciki kunyar ɗan fari. Ba a faɗin sunansa. Ba a ɗaukarsa a gaban manya sai kuka ya yi kuka, an ce miki, ke tashi ki ba shi. Ba a yi masa wasa, ba a zuba masa ido ana murmushi kamar wadda ba ta taɓa ganin jariri ba. Da na gama wankan jego a wajen mahaifiyata a Jidda, abin da ta fi ja mini kunne a kai ke nan, kada in je in kunyata ta a gaban surukai. Na ce to.

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, wadda aka hana kallo ita ta fi kowa gani. Iya tana ɗauke da shi a falo tana yi masa kirarin kaka, tana angona, mai gidana, yau me ka kawo mini na cefane, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa, kaina a sunkuye, amma wutsiyar idona tana kansa. Da haka na san numfashinsa, na san kukan yunwa da na zafi, na san yatsan da yake fara motsawa in zai farka. Da haka kuma na lura ba ya kallon Iya. Tana magana yana juyo da kunne, yana wuntsila ƙafa, amma idonsa yana can wajen taga, ko wajen fitilar rufi, yana yawo kamar mai neman abin da ya ɓace masa.

A ɗakina ma haka. In na rufe ƙofa ina shayar da shi, nan ne kawai nake da damar kallonsa son raina. Sai in kalle shi, in kalle shi, shi kuwa bai taɓa maido mini ba. Maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa ta haihu kusan lokaci ɗaya da ni, 'yarta in kika leƙa fuskarta sai ta kafe ki da ido ta washe dasashi. Nawa yana dariya in an taɓa cikinsa, yana dariya in ya ji muryar babansa, amma fuska ba ta taɓa ba shi dariya ba. In na je gidan maƙwabciyar na dawo, ranar abinci ba ya shiga.

Matsalar ita ce an riga an san ni da tsoro. Na taɓa sa babansa ya baro aiki ya kai mu mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, saboda shaƙuwa. Ina sa yatsa a ƙarƙashin hancinsa in yana barci. Mukayyif kuwa, na'urar sanyin ɗaki, in kunna in kashe, in kunna in kashe, har babansa ya ce sai na ƙona ta hankalina zai kwanta. Saboda haka ranar da na ce masa ina ganin yaron nan ba ya gani sosai, dariya ya yi, ya kaɗa mukullan mota a gefen kunnensa, yaro ya juya. Ya ce ga shi nan ya gani. Na ce ji ya yi. Ya ce ke dai Allah ya yaye miki, ya fita.

Iya kuwa ta yaya zan fara? In na ce na lura da idonsa, ai na faɗa da bakina cewa kallonsa nake yi. Sau ɗaya na gwada ta bayan fage. Ina shara na ce, Iya, wannan yaron naku kamar ba ya son kallon mutane. Ta ce miskili ne kamar kakansa, shi ma sai da ta shekara a gidansa kafin ya san kalar zanenta. Matan da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi, na ci gaba da shara.

Aka shiga aikin Hajji. Babansa a sauran watanni motar kaya yake ja, amma in lokacin ya zo bas yake tuƙawa, ya kwashi alhazai zuwa Arfa, ya dawo da su Muzdalifa, ya kai su Mina. Kwanakin nan ba ma ganinsa. Da ya dawo ya yi baƙi ya rame, muryarsa ta dishe, ga wata leda a hannunsa. Ya ce a bakin hanya ya gani wajen masu shimfiɗa kaya a ƙasa, ya ba shi dariya, ya sayo wa yaro.

Ni biran da na sani su ne na hanyar Ɗa'if, masu zama a kan duwatsu suna jiran motoci, launinsu kamar ƙasar wurin. Ɗaya ya taɓa fizge mini ledar burodi ta tagar mota. Wannan kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Jikinsa gashi mai laushi, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore. Amma fuskar! Doguwa kamar ta doki. Jan layi ya taso daga tsakanin idanu ya sauko har hanci, ja wur kamar tattasai. Gefe da gefe kumatu shuɗi masu tsaga-tsaga, kamar an yi masa zanen gado da shuni. Ga gemu ruwan ɗorawa. Ƙananan idanu can ciki, kusa da juna, kamar na dattijon da aka tashe shi daga barci. Da na juya shi sai na ga bayansa ma an shafa masa shuɗi da ja, na ce kai, masu yin kayan wasan nan ba su da ta ido.

Babansa ya ce ba su suka ƙirƙira ba, haka Allah ya yi shi. Ban yarda ba sai da ya nemo mini a waya. Wai mandiril ake ce masa, a dazuzzukan Kamaru da Gabon yake. Na ga na gasken yana tafiya da ƙafa huɗu a ƙasan wasu dogayen itatuwa, ƙato, kafaɗunsa kamar na ɗan dambe, matansa da 'ya'yansa ƙanana marasa kwalliya suna biye. Dajin duhu ne ko da rana, komai ya dushe, fuskarsa kaɗai ke haske. Ya yi hamma na ga haƙora kamar wuƙaƙe, na ture wayar. Amma na ce a raina, wataƙila shi ya sa aka yi masa fenti, don nasa su hango shi a cikin duhu.

Iya da ta gani salati ta yi. Ta ce wannan ko a cikin mutum-mutumin ma shi ne shugabansu, mala'ika ko a matakala ba zai tsaya ba. Ta aika a ɗauko almakashi, sai aka tuna yana wajen mai wasa wuƙa tun kafin Sallah, shi kuwa aikin layya ya yi masa yawa bai dawo da kayan kowa ba. Ta ce to a rufe masa fuska da kallabi a ɗora shi kan firiji, in almakashi ya dawo ta yi masa aski.

Washegari ina goge kan firijin, yaron yana kwance a shimfiɗa a ƙofar kicin inda nake jin motsinsa. Na sauko da birin, kallabin ya zame. Na sunkuya zan ɗauki kallabin, birin yana hannuna, ya wuce ta gaban fuskar yaron. Sai na ga idonsa ya bi shi.

Na tsaya cak. Na ce ko idona ne. Na dawo da shi ta hagu, a hankali. Ido ya biyo. Na kai shi dama, ya bi, har da juya wuya. Idanun nan biyu da kullum suke yawo, yau sun tsaya a wuri ɗaya, a kan jan hancin nan. Ya ɗaga hannu yana lalube a iska.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san yadda ake gwada abu. Na ɗauko cokali na wuce da shi, bai bi ba. Na wuce da hannuna, bai bi ba. Na juya birin ta cikinsa, inda babu komai sai gashi, ido ya koma taga. Na juyo fuskar, ya dawo. Na ja da baya kaɗan kaɗan, ina kaiwa kamar tsawon hannu sai ya ɓace masa. Na sa fuskata daidai inda birin yake, kusa har ina jin numfashinsa, na yi shiru don kada ya ji murya. Ya dubi ta gefen kunnena, can bayana, kamar ba kowa a wurin.

Zama na yi a ƙasan kicin. Farin ciki da tsoro suka haɗu mini a ƙirji, ban san wanda zan fara ji ba. Yana gani, wannan alhamdu lillahi. Amma abin da yake gani kaɗan ne, sai mai tsananin launi, sai kuma kusa. Kuma duk duniyar nan abu ɗaya na samu da zan nuna wa mutane su yarda da ni, ga shi ana jiran almakashi a cire masa kai.

Na yi niyyar nuna wa babansa, amma a kwanakin nan yana jigilar masu komawa gida zuwa Jidda, ya fita yaro na barci, ya dawo yaro na barci. Na gaya masa da baki, ya ce in ya huta zai duba. Ni kuwa kullum in na ji an buga ƙofa sai in ce mai wasa wuƙa ne.

Abin da na yi bayan nan, har yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Bayan azahar ne, lokacin da zafin Makka ke kwantar da kowa, ba ka jin komai sai gurnanin mukayyif ta kowace taga. Iya ta shiga ɗakinta ta kishingiɗa. Na zauna da birin a cinya ina kallonsa, sai wani kishi ya kama ni. Ni na ɗauki cikin yaron nan, ni na sha ruwan zafi da kunun kanwa, amma biri ne ya fara samun kallonsa. Na tashi na buɗe akwatin kayan aurena na ɗauko jambakin da ban taɓa shafawa ba saboda ya cika ja. Na ja layi tun daga goshi har kan hanci, na cike hancin. Na je wajen wanki na ɗebo shuɗin da nake sa wa fararen rigunan babansa, na dama da ɗan ruwa, na ja tsaga-tsaga a kumatuna. Da na kalli madubi sai da na tsorata da kaina.

Na durƙusa a kansa, ban yi magana ba.

Idonsa ya zo wucewa, ya dawo, ya tsaya. A kaina. Ya ɗan ɗaure fuska kamar mai tunani, sannan ya miƙo hannu ya damƙi hancina. Sai na yi magana, ya ji muryar da ya sani tana fitowa daga abin da yake gani, ya buɗe baki ya saki wata dariya har da ƙyaƙyatawa. Ban san lokacin da na sure shi ba. Ina sumbatarsa, jambaki duk ya ɓata masa goshi, hawaye na wanke shuɗin yana gangarowa wuyana, ina kiran sunansa. Sunansa na gaskiya, da ƙarfi, ina maimaitawa, wanda tun ranar suna bai taɓa fita daga bakina ba.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Na ɗago kai sai ga Iya tsaye, almakashi a hannunta yana ƙyalli. Ashe an dawo da shi tun da hantsi, ta zo karɓar birin.

Ta dube ni, ta dubi yaron, ta dubi birin a kan gado. Na ga leɓenta yana motsi, addu'ar neman tsari take yi, ta ɗauka iska ce ta taɓa ni. A ƙa'ida in ajiye yaron in sunkuyar da kai, ko in gudu banɗaki. Ƙafata ta so ta yi hakan. Amma na san in na ajiye shi yau, ta cire kan birin, shi ke nan, na koma mai tsoron shaƙuwa. Na ƙanƙame shi, na dubi Iya cikin ido da wannan fuskar tawa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Iya, ba ya gani. Ni ba ya ganina, ke ma ba ya ganinki. Wannan kawai yake gani."

Ta ce, "Ke, 'yar nan, kin san abin da kike faɗa?"

Na ce, "Ki ba ni minti ɗaya kafin ki yanke."

Na kwantar da shi. Na roƙe ta ta sunkuyo ta kalle shi, amma kada ta yi magana. Wannan ya yi mata wuya, Iya ba ta iya ganin jikanta ta yi shiru. Ta dai daure, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa. Ta ɗaga gira, ta washe baki, ta kaɗa kai. Yaro yana kallon fitila. Ta koma ɗaya gefen, haka. Sai na ɗauko birin na wuce da shi a tsakaninsu, idonsa ya kama shi ya bi shi har ƙarshen gado.

Iya ta zauna a bakin gadon. Ta ajiye almakashin a ƙasa, ta tura shi da ƙafa. Ni kuwa sai a lokacin kunya ta dawo mini gaba ɗaya, na jawo gefen mayafi zan goge fuska.

Ta ce, "Bari. Miƙo mini jan nan."

Na miƙa mata. Iya, wadda ko kwalli ba ta sawa tun rasuwar mijinta, ta shafa jambaki a hancinta, ba madubi, ya karkace ya hau kumatu ɗaya. Ta sunkuya. Yaron ya dube ta, ya kai hannu ya cafki hancin, ya ja. Na ga kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Ta ce masa, "Ashe duk watannin nan angona bai taɓa ganina ba. Shi ya sa ka zauna lafiya ba ka sake ni ba."

Sannan ta juyo gare ni ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce da daɗewa. Ta tambayi abin da ya hana ni faɗa, alhali ita ma ta san amsar. Ta ce ita ce ke riƙe da shi wuni guda, amma bakinta ya yi yawa har ya rufe mata ido. Ta ce in kira mata ɗanta a waya. Da jan hancinta ta yi masa magana, ta ce ko sarkin alhazai ya ɗauko ya sauke shi, gobe da safe asibitin ido za mu. Na ji yana cewa ai ita yarinyar nan kin san ta da tsoro. Iya ta ce, "Tsoron nata ya fi barcinka amfani." Ta kashe.

Mun tafi mu huɗu, na biyar birin, a cikin jakar Iya. Ita ta ce a sa shi a nata, wai in an tambaya ita ce babba. Likitar mace ce, mai sanyin murya. Ta tambayi wa ya fara lura, Iya ta nuna ni da haɓa. Na yi bayani da Larabcina na kasuwa, babansa yana cike mini inda na rasa. Likitar tana da nata kayan gwaji masu launi, amma da Iya ta zaro birin sai ta yi dariya ta ce wannan ya fi nata, da shi ta yi aikin. Aka ɗiga masa magani a ido, ya yi kuka har ya shiɗe, muka zauna jira. Ni dai ina ta karanta duk abin da na haddace. Bayan nan ta haska masa ido a ɗaki mai duhu, tana canza wasu ƙananan gilasai ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce cikin idon lafiya lau. Sai da babansa ya maimaita mini da Hausa sannan na yarda na ji daidai. Ta ce amma yana buƙatar tabarau mai kauri sosai, kuma gara da aka zo yanzu, domin ido ma koyon gani yake yi, in ya daɗe bai koya ba sai ya yi lalaci. Ta ba ni wani gilashi ta ce in duba ta ciki in ga kwatankwacin abin da yake gani. Na ɗora a idona na kalli Iya. Babu Iya, sai wani baƙin dunƙule kamar hayaƙi. Na kalli babansa, farin dunƙule. Na kalli birin a kan tebur, sai ga ja da shuɗi suna nan, sun narke amma suna nan. Na cire gilashin da sauri.

Ranar da tabaraun ya iso a gida muka sa masa, a falo. Ɗan ƙarami ne, na roba mai lanƙwasa, da igiya da ke zagaya ƙeya. Na kawo yaron na miƙa wa Iya kamar kullum, zan koma gefe. Ta ƙi karɓa. Ta ce ni zan riƙe shi, kuma in kalle shi sosai, kunya ta jira a matakala tukuna. Na zauna na ɗora shi a cinya yana fuskantata, fuskata wankakkiya, ba ja ba shuɗi. Babansa ya zura masa ta baya. Ya yi fizge-fizge, ya runtse ido, zai yi kuka. Sai ya buɗe.

Idanun sun yi manya a bayan gilashin. Suka tsaya a bakina, suka hau hancina, suka zo idona suka zauna. Ya yi tsit. Na ce masa, ni ce. Ya dube ni kamar yana haɗa muryar da fuskar, leɓensa na ƙasa ya ɗan yi rawa, sannan ya yi murmushi a hankali, ba irin dariyar cakulkuli ba, wani daban. Ya sa tafin hannu a kumatuna ya bar shi a nan. Babansa ya tashi ya fita baranda, wai zai duba mota.

Iya ta ce to a kawo masa amininsa su gaisa. Ta ɗauko birin da kanta, ta kawo shi gaban fuskarsa tana rawa da shi. Yaro ya juya ya gan shi, karo na farko yadda yake, da tsagar kumatu da gemu da ƙananan idanun nan. Ya ƙwalla ƙara, ya cusa kai a ƙirjina, tabarau ya karkace. Muka yi ta dariya har Iya tana tari. Ta ce, "Ka ga butulci. Ido, wa ka raina?" Ta rungume birin kamar ita aka yi wa laifi.

Na ɗauka tunda aikinsa ya ƙare, yaron ma ba ya so, zai bi sahun na kwando. Kwana biyu ina ganin Iya da allura da wani ƙyallen atamfa, ban tambaya ba. Ashe hula take ɗinka masa, doguwa, mai saukowa har wuya da zariya. Ta ce ta yi tunani, mai fuska ne in fuskar a buɗe take, in an rufe kuwa tsumma ne kamar kowane tsumma, Allah kuma ya san abin da ya yi wa gidan nan. Ta ɗora shi a kan kabad ɗinta. Sauran jikokin suka kawo ƙara, wai don me nasu aka yanke. Ta ce duk wanda zomonsa ya kai wani asibiti ya zo ta mayar masa da kai.

Yanzu yaron yana tafiya, yana gudu ma, igiyar tabarau ta yi masa hanya a gashin ƙeya. Kullum ina goge gilashin daga miya da yatsu, kullum ina tsoron ya faɗi a kansa ya fashe, ban daina sa yatsa a ƙarƙashin hancinsa ba. Sunansa kuwa ban ƙara faɗa a gaban Iya ba, wannan yana nan yadda yake. Amma ina kallonsa a falo da idona biyu, in ta kama ni sai ta kau da kai ta shiga neman carbinta.

Wani lokaci da la'asar yakan ja zanen Iya ya nuna saman kabad. Sai ta ce, angona, ka tabbata? Ya gyaɗa kai. Ta sauko da birin, ta kwance zariyar a hankali, shi kuwa ya riga ya juya ƙafa ɗaya wajen ƙofa. Tana ɗage hular ya ga jan hancin, sai ya zuba da gudu yana ihu yana dariya, ya zo ya ɓuya a bayana. Can kuma ya leƙo, ya gyara tabarau da bayan hannu, ya ce a sake.